Babi na Shida: Wane Magani ne Ke Kashe Ƙwarƙwata?

Idan ƙwarƙwata ta shiga kan yarinya, tambayar da iyaye mata suka fi yi a kantin magani ita ce, "Malam, wanne ne ya fi ƙarfi?" Mai kanti kuwa yakan miƙo wanda ya fi tsada, ko wanda ya fi wari, ko wanda ya rage masa a kan kanta. Tambayar ba ta da laifi, sai dai ƙarfi ba shi ne ke raba waɗannan magunguna ba. Abu biyu ne ke raba su: ko ƙwarƙwatar garinku ta riga ta saba da maganin, da kuma abin da maganin ke yi wa ƙwai. Uwar da ta riƙe waɗannan biyun za ta gane dalilin da ya sa maganin da ya yi wa 'yar maƙwabciya aiki bara ya ƙi yi wa tata bana.

Ƙwarƙwatar kai ba ta wuce girman ƙwayar riɗi ba, milimita 2 zuwa 3. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle irin na ƙuma, rarrafe kawai take yi da ƙafafu shida masu ƙugiya da take kama silin gashi da su. Jinin mutum kaɗai take sha, sau da yawa a yini, kuma in ta faɗo daga kai, kwana ɗaya ko biyu sun ishe ta mutuwa. A kan mutum takan yi kamar wata guda, macen tana saka ƙwai wajen 6 kullum.

Ƙwan nan shi ne fitinar. Tana manna shi ne a jikin silin gashi, dab da fatar kai inda ɗumi yake, musamman bayan kunne da ƙeya, da wani irin danƙo wanda ruwa da sabulu ba sa narkarwa. Amosanin kai in kika hura shi ko kika karkaɗe sai ya tashi. Ƙwan ƙwarƙwata kuwa sai kin kama shi da farce kin zare shi har ƙarshen gashin. Mai rai yana da ɗan duhu, in kika matse shi tsakanin faratan manyan yatsu za ki ji ya yi ƙas. Wanda ya riga ya ƙyanƙyashe fari ne, fanko, ba ya ƙara, kuma yakan zauna a gashi wata da watanni yana yin nisa da fata yayin da gashin ke tsiro. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 8 zuwa 9, 'yar da ta fito kuma tana buƙatar kwana 9 zuwa 12 kafin ita ma ta isa saka nata.

To, a yi lissafi. An shafa magani ranar Asabar, duk mai rarrafe ta mutu, yarinya ta yi barci lafiya. Ƙwan da maganin bai kashe ba yana nan yana ta fashewa cikin mako. In an sake shafawa Asabar mai zuwa, ko Litinin ɗin bayanta, za a tarar da 'ya'yan kusan duk sun fito amma babu wadda ta isa yin ƙwai, sai a gama da su gaba ɗaya. In kuwa an ce ai ta warke aka ajiye kwalba, bayan mako uku sai a ji uwa tana cewa ƙwarƙwata ta dawo, alhali ba inda ta je. Da yawa daga cikin magungunan da ake wa lakabin "ba ya aiki" a nan aka ci amanarsu.

Zan rubuta sunayen magungunan yadda za ki gan su a jikin kwali, domin da su za ki tambaya.

Wanda ya fi kowanne yaɗuwa a duniya shi ne permethrin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, da ɗan'uwansa pyrethrin da ake samu daga wani fure mai suna pyrethrum, wanda aka san ƙasar Kenya da nomansa. Ana shafa shi a kan da aka wanke aka tsane, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Aikinsa shi ne ya shiga jijiyar ƙwaron ya hargitsa ta har ya sandare. Lokacin da ya fito a Amurka a 1986, gwaje-gwajen farko sun nuna yana warkar da sama da kashi 95 cikin 100 na yaran da aka shafa wa. Ga sauƙin kuɗi, ga shi ba ya cutar da yaro, har ana shafa wa ɗan wata biyu. Sai duniya ta yi masa caa.

Ba a daɗe ba, cikin shekarun 1990, aka fara jin ƙorafi daga Isra'ila da Birtaniya da Faransa da Ajantina cewa maganin ya daina ci. Abin da ya faru ba baƙo ba ne. A cikin dubban ƙwarƙwata ana samun 'yan ƙalilan da aka halicce su da wani ɗan sauyi a daidai wurin da maganin ke kamawa a jijiya. Magani ya kashe saura, ya bar waɗannan, suka hayayyafa suka gadar wa 'ya'yansu. A 2016 ayarin masu bincike na John Clark na Jami'ar Massachusetts ya wallafa sakamakon ƙwarƙwatar da suka tattaro daga wurare 138 a jihohi 48 na Amurka, inda suka sami wannan gadon a kimanin kashi 98 cikin 100. Dangin wannan magani ne ake jiƙa gidan sauro da shi, kuma sauron ƙasashenmu ma ya koyi jure masa ta irin wannan hanya, shi ya sa ake ta sauya irin gidajen sauron da ake rabawa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da alƙaluma. A wani gwaji da aka yi a Burazil aka wallafa a 2008, permethrin ya warkar da kimanin kashi 68. A gwaje-gwaje biyu na Amurka da aka wallafa a 2009 bai kai kashi 45 ba. A wani na Ingila a 2013 ya tsaya a kashi 15. Magani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, sakamako uku. Saboda haka ba a ɗauko lamba daga wannan gwaji a jera ta da ta wancan a ce ga zakara. Kwatancin da ake dogaro da shi shi ne wanda aka gwada magani biyu a gari ɗaya, a lokaci ɗaya, aka raba yaran ta hanyar ƙuri'a. Ko shi ma a tuna cewa yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje kamfanin da ke sayar da sabon maganin ne ke biyan kuɗinsu. Wannan bai mai da su ƙarya ba, amma ba a ga mai tallar da ya zaɓo wa hajarsa abokin gasa mai ƙarfi ba.

Malathion mai kashi 0.5 ya fi permethrin taɓa ƙwai, kuma a wuraren da ba a yawaita amfani da shi ba yana aiki sosai. Wahalarsa ita ce sai ya kwana a kai, awa 8 zuwa 12, ga wari mai hawa kai. Irin da ake sayarwa a Amurka an haɗa shi da sinadari mai kama wuta, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 6 ba. A Birtaniya da Faransa, inda aka daɗe ana shafa shi, shi ma ƙwarƙwata ta fara raina shi.

Wanda ya sauya lissafin shi ne dimeticone, kuma shi ne nake ganin ya fi cancanta a fara da shi. Ba guba ba ne. Wani irin mai ne mai santsi, dangin wanda ake sakawa a man gyaran gashi, har ma da maganin kumburin ciki na jarirai. In ya lulluɓe ƙwarƙwata sai ya shige ƙananan ƙofofin da ke gefen jikinta, waɗanda take numfashi da su take kuma fitar da ruwan da ya yi mata yawa bayan ta sha jini. Ƙofa ta toshe, ta kasa motsi, ta mutu. Tunda ba ta jijiya yake bi ba, gadon da ya kare ta daga permethrin ba ya yi mata rana a nan.

Ian Burgess, wani masanin ƙwari a Cambridge, ya gwada mai kashi 4 da wani dangin permethrin a 2005. Sun yi kusan kunnen doki, kashi 70 da kashi 75, amma waɗanda fatar kansu ta yi zafi ko ƙaiƙayi sun fi yawa nesa ba kusa ba a ɓangaren gubar. A 2007 ya gwada shi da malathion, dimeticone ya sami kimanin kashi 70, malathion kashi 33. A gwajin nan na Burazil kuwa, inda aka yi amfani da wani haɗi mai kauri, dimeticone ya kai kashi 97. Ba ya warkar da kowa, kuma mafi yawan kuskuren da ake yi da shi na rowa ne: wurin da man bai taɓa ba, ƙwarƙwatar wurin lafiya lau take. Ana shafa shi a busasshen gashi, a bar shi gwargwadon abin da aka rubuta a kwali, wani minti 15, wani sai ya kwana, a kuma maimaita bayan kwana 7.

Akwai gargaɗi guda da ya shafe mu fiye da Turawa. Gashin da ya jiƙe da wasu daga cikin waɗannan mayuka yana kama wuta nan take, har hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kai bayan an sami waɗanda suka ƙone. Yarinyar da aka shafa wa kada ta je gindin murhu, kada a aike ta ɗebo garwashi, kada ta zauna kusa da kaskon turaren wuta ko aci-bal-bal, sai an wanke kan.

Sai ivermectin, wanda mutanen karkara da yawa sun san shi ko da ba su san sunan ba. Shi ne Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987 domin cutar makanta da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, daga baya aka haɗa da tundurmi, wanda mai rabo ke zuwa da sanda mai zane-zane ya auna tsayin mutum kafin ya ƙirga masa ƙwaya. Ƙwarƙwatar da ta sha jinin wanda ya haɗiye shi mutuwa take yi. A 2010 Olivier Chosidow da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi wa mutum 812 daga gidaje 376 a Birtaniya da Ayilan da Faransa da Isra'ila, dukkansu waɗanda maganin shafawa ya riga ya ƙi yi musu aiki. Aka ba wasu ƙwayar sau biyu, kwana 7 a tsakani, aka shafa wa wasu malathion. A rana ta 15, kashi 95 na masu ƙwaya sun rabu da ƙwarƙwata, na malathion kashi 85. Sakamako ne mai kyau, amma ƙwayar ba ta shiga ƙwai, shi ya sa dole a sha na biyu. Ana auna ta da nauyin jiki, ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba, ba a ba mai ciki. Magani ne na hannun likita, wanda ake ajiyewa sai saura sun gaza. Wanda ake yi wa shanu da tumaki allura da shi kuwa ba na mutum ba ne, ko da sunan ɗaya ne.

Akwai kuma ivermectin na shafawa mai kashi 0.5, wanda shafa ɗaya ta minti 10 ta warkar da kimanin kashi 74 a gwajin 2012, da spinosad da ake samu daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, wanda ya kai kashi 85 a gwaje-gwajen nan na Amurka da permethrin ya kasa kai 45. Dukansu nagari ne, sai dai tsada, kuma kasuwarsu ta fi yawa a Amurka.

Taza da mataji mai ƙananan haƙora ita ma an gwada ta kamar magani. Ana jiƙa gashi, a cika shi da man laushi, a taje shi kashi-kashi tun daga fata har ƙarshe, a riƙa goge matajin a farin ƙyalle ana duba abin da ya fito, a rana ta 1 da ta 5 da ta 9 da ta 13. Wani gwaji a yankin Wales a 2000 ya ba ta kashi 38, malathion 78. Wani a 2005 ya ba ta kashi 57, magungunan kanti 13. Aikinta ya dogara da haƙurin mai taza da ingancin matajin. Gaskiyar magana, an ƙera irin wannan mataji ne da gashin Bature a zuci. A cikakken gashinmu mai murɗe, sai an tsefe, an laushe da mai sosai, an fara warwarewa da babban mataji, sannan ƙaramin zai wuce ba tare da kuka ba. Duk da haka babu abin da ya kai shi tabbatar da ko akwai mai rai a kai.

Maganar tsifa ba a yi mata sassauci. Duk maganin da aka zuba a kan kitso, saman kitson ya jiƙa, ƙwarƙwata tana can ƙarƙashi. A tsefe tas, a cire ƙari in akwai. A zaunar da yarinya a tsakar gida inda haske yake, a tsaga gashin gida-gida da kibiya kamar za a yi sabon kitso, a bi kowace tsaga da magani har fata, sannan a ja shi zuwa ƙarshen gashi. Kwalbar da aka rubuta ta ishi mutum ɗaya sau da yawa ba ta isar mai cikar gashi, gara a sayi biyu. In permethrin ne, a wanke man kitso da basilin tukuna, kada kuma a sa man laushi kafin shafawa, domin yana hana shi kama gashi. Yaro namiji kuwa wanzami ya fi kowane kanti araha: aka yi masa ƙwal-kwabo, magana ta ƙare.

Yanzu sai abin da ya sa na ga dole wannan babi ya shiga littafin. A gidaje da yawa, da makarantun kwana, abin da ake ɗaukowa ba ya cikin duk waɗanda na lissafa. Fiya-fiya ake ɗaukowa, ko Sniper, ko gamalin, ko kananzir, ko a daka kafur a kwaɓa da man gashi. Ana shafawa da dare, a ɗaure kan da leda, a ɗora ɗankwali. Da safe a ga ƙwarƙwata ta zube, a ce ai wannan shi ne magani.

Tana zubewa, ba musu. Amma sinadarin da ke cikin Sniper da mafi yawan fiya-fiya, wato dichlorvos, maganin ƙwarin gona ne da ke ratsa fata ya shiga jini, kuma abin da yake yi wa jijiyar ƙwaro shi yake yi wa ta mutum. Kan da aka yi ta susa ya yi ƙuraje ya fi saurin shan sa, ledar da aka ɗaura ta ƙara zafi ta hana shi fita, yarinya kuma ta kwana tana shaƙa. A 2019 jaridun Najeriya sun ba da labarin wata mai hidimar ƙasa a jihar Osun da ta rasu bayan ta sa shi a gashinta domin ƙwarƙwata. A shekarar ce kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna. Gamalin shi ne lindane, wanda a da har likitoci kan rubuta mai sauƙinsa domin ƙwarƙwata da ƙazwa, kafin a ga yana jawo wa yara jijjiga. Jihar Kaliforniya ta hana shi a 2002, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa shi cikin sinadaran da za a kawar a 2009, a 2015 kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a jerin masu jawo kansa. Kananzir yana ƙona fata, ga wuta. Kafur irin na cikin akwatin kaya yana farfasa jinin yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD, waɗanda suna da yawa a cikinmu, galibi kuma iyaye ba su san ɗansu na ciki ba.

A auna abin da ake gudu da abin da ake tara. Ƙwarƙwatar kai tana hana barci, tana sa susa har kai ya yi gyambo, tana sa kunya. Ba a san ta da yaɗa wata cuta ba, wannan aikin 'yar'uwarta ne ta jikin tufafi. In an riga an shafa ɗaya daga cikin waɗannan guba aka ga yaro yana dalalar da miyau, yana gumi, yana amai ko zawo, numfashi yana sarƙewa, ko jiki yana karkarwa, a cire masa kaya, a wanke kan da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Manja da madara ba makarin guba ba ne, makarin dichlorvos allura ce da ke asibiti.

Ko da maganin kirki aka yi amfani, akwai hanyar gane ko ya ci. Bayan awa 8 zuwa 12 a taje kan a kan farin ƙyalle. In waɗanda suka faɗo matattu ne, ko suna jan jiki da ƙyar, magani ya yi, a jira ranar maimaici. In suna gudu garau kamar ba a yi komai ba, ƙwarƙwatar nan ta fi ƙarfin wannan dangin magani, ƙara shi ɓarnar kuɗi ce. A koma wani dangi: daga permethrin zuwa dimeticone, daga nan zuwa malathion, in duk sun gaza a je wa likita da maganar ivermectin.

Sauran aikin na gida ne, kuma bai kai yadda ake zato ba. Kai da kai ne babbar hanyar yaɗuwarta: yaran da ke kwana a katifa ɗaya, da masu haɗa kai a wurin wasa ko karatu. A duba kowa a gidan rana ɗaya, a yi wa duk mai ita magani a ranar, har da wanda ke kwana tare da mai ita, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna. Hijabi da ɗankwali da hula da rigar filo da aka yi amfani da su cikin kwana biyun da suka wuce a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana. Mataji da kibiya a jiƙa su a ruwan zafi minti 10, a kuma riƙa zuwa gidan makitsiya da na gida. Fesa wa ɗaki magani ba shi da amfani, tunda wadda ta faɗo ba ta daɗewa.

Kada kuma a yi magani saboda an ga ƙwai kawai. A wani bincike a makarantun Atlanta da aka wallafa a 2001, cikin yara 50 da aka samu da ƙwai ba tare da mai rarrafe ba, 9 ne kacal ƙwarƙwata ta fito musu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana cewa kada a kori yaro daga aji a kan wannan. Malaman makarantun kwana da na Islamiyya su daina tsayar da yarinya gaban 'yan'uwanta ana kiranta ƙazama, domin ƙwarƙwata ba ta zaɓen kai, wanda ake wankewa kullum ma tana shiga. Kunyar nan ce ke sa yarinya ta ɓoye, ta je ta aro fiya-fiya a ɓoye.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai asma ko gyambo a kai, a fara musu da mataji, a kuma ga ma'aikacin lafiya kafin a shafa musu komai.